Babi na Bakwai: Ɗigon Baƙin Mai a Bakin Ruwa

Duk man da ya tsere daga cikin inji, ko ta ina ya fito, ƙasa yake gangarowa. Zai bi jikin ƙarfe, ya kwashi ƙura, ya taru a gindi, sannan ya ɗiga. Shi ya sa kaskon baƙin mai, wato farantin nan mai zurfi da ke ɗaure a ƙarƙashin inji, wanda makanikai ke kira botom filet, ya fi kowane sashe shan zargi. Mai inji zai leƙa ya ga gindin ya jiƙe sharkaf, ya ce kasko ya huje. Sau da yawa kaskon lafiyarsa lau, laifin na can sama.

Ƙasar Kazaure ba ƙasar manyan jiragen ruwa ba ce. Kwalekwalen da za ka gani a madatsar Muhammadu Ayuba, ɗaya daga cikin madatsun da tsohuwar Jihar Kano ta gina a shekarun 1970, ko a tafkin Wawan Rafi, yawancinsu da filafili ko da gora ake tuƙa su. Amma injin da ke kwana a bakin ruwa, wannan kam ba ya ƙirguwa. Tun daga shekarun 1980 da hukumar raya aikin gona ta Kano, KNARDA, ta fara yaɗa ƙananan injinan ban ruwa, shirin Fadama na farko ya biyo baya a 1993 da tallafin Bankin Duniya, jigo ya yi ta ja da baya har ya kusa zama labari. Yau ko a gaɓar kogin Gari wajen Roni da Kazaure, ko a fadamun Gwiwa, ko a lambunan Babura da ke shan ruwan rijiyar burtsatse, ƙarar inji ce ke sanar da kai rani ya shigo. Wanda kuma ci-rani ya kai shi Yawuri, ko Kainji, ko Baga a bakin Tafkin Chadi, ya ga wannan ƙarfen an ɗora shi a kan jirgi. Ciwon iri ɗaya ne. Bambancin kawai, a kan jirgi ya fi tsada, ya kuma fi haɗari, domin injin da ya tsaya a lambu tumatir yake bari da ƙishirwa, wanda ya tsaya a tsakiyar kogi kuwa mutane yake bari a hannun igiyar ruwa.

Mu fara da wanda muka fi sani. Injin ban ruwa mai shan fetur da ke cika kasuwanninmu, ko na Honda ne ko kwaikwayonsa da ake kawowa daga Sin, kusan duk ƙirar jerin GX ce da Honda ta fitar a 1983. GX160, wanda aka fi ɗaura wa famfon inci 2 da inci 3, ba shi da wani kasko daban. Tumbin injin kansa, wanda aka zuba da alminiyom, shi ne ma'ajiyar mai, da murfi a gefe da aka ɗaure da notuna, da gasket a tsakani. Man da yake ɗauka bai wuce lita 0.6 ba. Babu famfon mai a ciki. Wani ɗan harshen ƙarfe ne a gindin sandar fistin yake tsoma kai cikin man yana watsa shi ko'ina, har sau 3,600 a minti ɗaya in an buɗe wuta. Da zarar man ya sauka ƙasa da inda harshen nan ke kaiwa, shi ke nan, ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Ga lissafin da ya kamata a rubuta a bangon kowace rumfar bakanike. A ɗauka ɗigo 20 ne ke yin mililita ɗaya. Injin da ke ɗigar da ɗigo ɗaya duk bayan sakan 5, a awa ɗaya ya zubar da mililita 36. In an tayar da shi da asuba aka yi awa 8 ana ban ruwa, ya zubar da kusan rabin abin da ke cikinsa. Ɗigo ɗaya a sakan 5 kuwa abu ne da mai lambu zai kalla ya ɗaga kafaɗa.

Masu ƙirar sun san da haka, shi ya sa suka sa wata 'yar na'ura a tumbin da ke kashe injin in mai ya yi ƙasa. Wayarta ruwan ɗorawa ce, tana fitowa daga gefe. Ka zagaya bakin kowace fadama ka ƙirga injinan da wayar nan ke reto a cire. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an girke inji a gangaren gaɓa, ya karkace, man ya koma gefe guda, na'urar ta kashe shi. An ja igiya an ja, ya ƙi tashi, rana tana yi. Sai wani mai dabara ya zo ya zare wayar, inji ya tashi, kowa ya yi murna. Abin da ya kamata a yi shi ne a share wuri da fartanya a daidaita masa zama. A ganina, cire wayar nan ya kashe injina fiye da jabun mai, duk da shi ma jabun ba ƙaramin ɓarna yake yi ba.

Wannan hirar kowa ya san ta:

"Oga, ka dai ɗaure min notunan nan da kyau, tsatsa kawai yake yi."

"Alhaji, ba ɗauri ba ne. Bari a wanke shi mu gani tukuna."

"Haba, ruwa nake ba albasa. Ka ɗaure, zan riƙa ƙara masa mai."

"Zan riƙa ƙara masa mai" ita ce kalmar da masu sayar da kiranshaf da fistin a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ke cin abinci da ita. Mai lambu yana ƙarawa ranar da yake tsaye a kan injin. Ranar da ya tafi ɗaurin aure ya bar yaro, yaron fetur kawai ya sani.

Bakaniken da ya ce a wanke tukuna, shi ne ya san aikinsa. Ana wanke injin tas da kananzir, a goge, a bar shi ya bushe. Sannan a barbaɗa masa hoda, ko garin alli, ko toka mai laushi, a duk inda ake zargi. A tayar da shi na 'yan mintoci, a kashe, a duba da tocila. Wurin da hodar ta fara jiƙewa, kuma wanda ya fi kowanne tsawo, nan ne ƙofar. Abin da ake samu galibi ƙaramin abu ne: washar notin juye mai ta lotse don an yi ta maimaita ta, ko robar murfin zuba mai ta tsage, ko sil ɗin da ke kewaye da kiranshaf ya bushe ya taurare. Wannan na ƙarshe yana da wayo, domin in na gefen fanka ne, iska tana watsa man ya shafe injin gaba ɗaya, har a rasa ina ne tushen.

Akwai kuma yoyon da ba rami ne ya kawo shi ba. In ringi ya cinye, hayaƙin ƙonewa yana sulalewa ta gefen fistin ya cika tumbi. Akwai 'yar hanyar numfashi da ke fitar da shi. In ta toshe da laka, ko hayaƙin ya fi ƙarfinta, matsin sai ya nemi wuri mafi rauni ya turo mai. Ka sa sabon gasket, bayan mako guda ya sake jiƙewa, ka sa wani, haka dai. Haka ma in an cika mai ya wuce ƙa'ida, wai don a huta da ƙari. Bakaniken da ya canja gasket sau biyu a inji ɗaya bai duba ringi da hanyar numfashi ba, kuɗin mutane yake ci.

In kuwa gasket ɗin murfin ne da gaske, aikin ba wuya sai dai natsuwa. Dole a kwance gidan famfo, a warware farfelar da ke ɗaure a bakin shaf, a kula da sil ɗin ruwa kada ya fashe. Wajen zare murfin, a lura kada kamshaf ya biyo shi ya faɗo. In ya fito, akwai 'yar alama a jikin giyarsa da wata a giyar kiranshaf, sai sun fuskanci juna za a rufe, in ba haka ba injin ba zai tashi ba. Tsohon gasket a kankare shi da abin da bai fi alminiyom tauri ba. Mai kankarewa da sukundireba yana barin zane, zanen nan kuma shi ne hanyar yoyon gobe. Ɗauri kuma a gicciye ake yi, wannan noti sannan na daura da shi, a zagayo sau biyu ko uku ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan. Ma'aunin Honda ga notunan murfin nan 24 ne a sikelin sufana mai awo, notin juye mai kuma 18. Rumfa nawa ce ke da wannan sufana? Kaɗan. Amma wanda ya san cewa akwai iyaka, ko da hannu yake aunawa, ba zai zura bututu a bakin sufana ya taka da ƙafa ba. Zaren alminiyom ba ya yafe wannan.

Kasko na sosai, wanda ake kwancewa daban, sai a manyan injina: injin gas na niƙa da na manyan famfuna, da injin mota da ake ɗorawa a cikin jirgi. Manyan jiragen katako da ke jigila a kogin Kwara wajen Mopti a ƙasar Mali da irin wannan inji na ciki suke tafiya. A Tailan kuwa injin mota sukutum suke ɗorawa a ƙarshen jirgi, su miƙa doguwar sanda mai farfela cikin ruwa. A mota, kasko yana shan iska, abin da yake tsoro dutse ne da tudun hanya. A cikin jirgi kuwa yana zaune ne a wuri mafi zurfi, inda duk ruwan da ya yoyo ta katako ko ya fantsamo ta sama yake taruwa. Kaskon ƙarfen da aka ƙera don titi sai ya wayi gari yana jiƙe dare da rana. Tsatsa na cin sa daga waje. Daga ciki ma tana cin sa, domin raɓar da ke taruwa a inji ta fi mai nauyi, ƙasan kasko take kwanciya. Ramin farko bai fi bakin allura ba, kuma yana wurin da ido ba ya kaiwa, sai da madubi ko da tafin hannu. Sa'armu ɗaya ita ce ruwanmu ba na gishiri ba ne. Abin da ruwan Legas zai yi wa kasko a 'yan shekaru, na Kainji sai ya daɗe bai yi ba. Amma yana yi.

Kaskon kansa ba shi ne tsadar ba. Tsadar ita ce isa gare shi. A yawancin jirage babu sararin da za a sauke shi daga ƙasa, shi ya sa ma juyen mai da famfon hannu ake yi, a zuƙo ta ramin gejin. Don haka sai an raba injin da sandar farfela, an cire salansa, da bututun mai, da na ruwa, da wayoyi, an kafa ƙarafa ko itace masu ƙwari an ɗaga shi da sarƙa. Wanda ya ɗaga inji ya canja kasko kaɗai ya mayar, bai yi wa kansa adalci ba. Tunda an riga an sha wahalar, a duba sil ɗin bayan kiranshaf, a wanke rariyar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta, a duba robobin da injin ke zaune a kai, waɗanda mai ke narkarwa. Sabon kaskon kuma a yi masa fenti mai kauri kafin a ɗaura, don ba za a sake ganin bayansa ba sai bayan shekaru. Idan an mayar da injin, sai an daidaita shi da sandar farfela da abin auna tazara, har bambancin fuskokin biyu ya zama bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. In aka yi ganganci a nan, jijjiga za ta cinye boris da sil, a koma gidan jiya.

Kaskon ƙarfe yana da wata cuta da hannun mutum ke jawo masa. Leɓensa siriri ne, notunansa ƙanana. Duk lokacin da aka ga danshi aka ƙara ɗauri, ƙarfen da ke kewaye da ramin noti yana tasowa, ya yanke gasket a wurin, tsakanin noti da noti kuma ya saki. Wato ɗaurin da aka yi don tsayar da yoyo shi ke ƙara shi. Maganin shi ne a sauke kaskon, a kifa leɓen a kan ƙarfe mai faɗi, a bubbuga wuraren da suka taso da ƙaramar guduma har su kwanta. A kuma duba ƙasansa: tsakanin rariyar tsotso da gindin kasko bai kai santimita ɗaya ba a yawancin injina, don haka kaskon da ya loɓa ciki yana iya toshe bakin rariyar, inji ya mutu da ƙishirwa alhali geji na nuna mai a cike.

Sai gam. Ban san abin da ya sa makanikanmu ke ganin yawan gam alamar ƙwarewa ba ne. Abin da ya tsattsafo waje ana gani, a goge. Daidai da shi ya tsattsafa ciki, kuma wannan zai ɓalle wata rana, ya bi mai, ya manne a rariya. Inda aka ƙera wa gasket, gasket ɗin ya isa, sai ɗan ɗigo a kusurwoyi. Inda aka ƙera wa gam, zare ɗaya siriri, a kan ƙarfe busasshe.

Tambayar da ake yawan yi ita ce: a liƙe, a yi walda, ko a sayi wani? Aradait na riƙe ƙaramin rami in an juye man, an kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, an wanke shi babu ko burbushin maiƙo. Zai iya kai manomi ƙarshen rani, ko ya kai jirgi gaɓa. Ba na ɗora fasinja a kansa. Walda na yi wa kaskon ƙarfe in tsagewa ce ko rami ɗaya, amma da sharaɗin an sauke shi an wanke. Kai wuta jikin kasko yana ɗaure a inji, da tururin mai a ciki, neman gobara ne. Bayan waldar a zuba masa kananzir a bar shi ya kwana a kan takarda, domin kananzir na bin ramin da mai ba zai bi ba sai ya yi zafi. Amma in tsatsa ce ta huda shi, ramin da ka gani na farko ne kawai cikin masu zuwa. Ka danna kewayensa da tsinin sukundireba, in ya lotsa, a nemi wani. Tumbin alminiyom da ya tsage, wanda ya fi faruwa a ƙafafu in an ɗaure inji a firam mai gaɓa, shi ya fi wuyar sha'ani. Ƙarfen ya sha mai shekara da shekaru, da ya ji wuta sai ya riƙa aman sa cikin waldar. Sai mai waldar agon da ya san hannunsa, kuma sau da yawa tsohon tumbi mai lafiya daga Kano, tafiyar kilomita 80 ko ƙasa da haka daga Kazaure, ya fi araha. Notin juye mai da zarensa ya cinye kuwa, a sake yanka zare mafi girma a sa noti daidai da shi. Naɗa masa leda ko tsumma shi ne yoyon da na fi gani.

Masunta da direbobin jirgi da ke amfani da injin ratayawa, irin Yamaha Enduro mai doki 40 da ya cika Yawuri da Baga, za su ce wannan duk bai shafe su ba, kuma da gaskiyarsu rabi. Injin nan mai bugu biyu ne, ba shi da kasko. A cikin fetur ake haɗa masa mai, kashi 1 cikin 50. Amma a can ƙasa, bayan farfela, akwai gidan giya mai nasa man, da sil da ke raba shi da ruwa. Babban abokin gabar sil ɗin nan zaren koma ne da igiyar ƙugiya. Zaren roba zai naɗe a shaf, ya yi zafi, ya narke, ya kutsa ya yanke shi. Mai ya fita, ruwa ya shiga. In ka kwance notin ƙasa ka ga man ya fito kamar shayin da aka zuba wa madara, to ruwa ya riga ya shiga. Cire farfela lokaci-lokaci a warware zaren aikin minti goma ne. Wajen zuba sabo kuma daga ramin ƙasa ake tura shi har ya ɓullo ta na sama, a rufe na saman tukuna, in ba haka ba iska za ta tare wuri a zaci ya cika.

Ina man da ya ɗiga yake zuwa? A gareji ƙasa ke shanye shi. A bakin madatsa kuwa, ko a cikin jirgin da ake kwarfe ruwansa da roba ana watsarwa, ruwa yake komawa. Hukumar kula da muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na mota na iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Dokar jiragen teku ta duniya da ake kira MARPOL, wadda sashenta na mai ya fara aiki a 1983, ta hana manyan jirage zubar da ruwan gindinsu in man da ke ciki ya wuce kashi 15 cikin miliyan. A tafkin Tahoe na Amurka, tun 1999 aka hana tsofaffin injina masu bugu biyu saboda man da suke fesarwa bai ƙone ba. Teku ke nan da manyan tafkuna. Madatsa irin ta Ayuba ruwanta a tsare yake, yana raguwa duk rani, abin da aka zuba a Janairu yana nan a Afrilu cikin ruwan da bai kai na da ba. A nan shanu ke sha, a nan ake kama karfasa da tarwaɗa, da shi ake ba latas da ake ci ɗanye. Tsohon faranti ko yankakkiyar jarka a ƙarƙashin inji, da ɗaga shi a kan katako nesa da laka, sun wadatar. Man da aka tara ma ba asara ba ne, masu buga bulo na shafa wa abin bugunsu, kafintoci na shafa wa katako saboda gara.

Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, manoma da dama a Jigawa da Kano sun juya injinansu zuwa gas ɗin girki, wasu sun koma famfon hasken rana, wanda ba ya shan mai ko kaɗan. Juyawa zuwa gas ta zo da wani ruɗi sabo. Gas ba ya baƙanta mai da wuri kamar fetur, sai mai inji ya zaro geji ya ga man garau, ya ce da saura. Launi ba ya nuna ƙarfin mai, ba ya kuma nuna yawansa in injin a karkace yake. Ƙa'idar Honda ba ta canja ba don an canja abin ƙonawa: juyen farko bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100 ko wata 6, wanda ya riga zuwa. Ga injin da ke yin awa 8 kullum a tsakiyar rani, awa 100 ba ta kai mako biyu ba.